Ina ya kamata a kafa reshen banki a Sakkwato?

Jama'a, duk wanda ya bi titin Kano a cikin garin Sakkwato ya ga yadda bankuna suka jeru kamar rumfunan kasuwa, wannan na kallon wancan. Jihar nan kuwa ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma da yawansu mutum sai ya hau mota ya yi doguwar tafiya kafin ya ga ƙofar banki.

Ni a ganina, mai neman wurin kafa reshe ya fara tambayar ranar kasuwa. Ya je Illela ya ga shanu da raƙuma da fataken da ke shigowa daga Ƙonni. Ya je Achida. Ya leƙa Goronyo da Gada lokacin da albasa ta kai, ya ga kuɗin da ke canza hannu kafin la'asar.

Kawuna dillalin albasa ne. Na sha ganinsa da yamma zaune bisa tabarma yana ɗaure kuɗi da roba, ya cusa cikin buhun taki, ya ɗora tsumma a kai. Da wannan buhun zai kwana, ido biyu, sannan da asuba ya kamo hanyar birni. Duk lokacin da ya fita, inna ba ta samun natsuwa sai ya kira. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, kwana biyu ya yi a layi kafin ya samu ya zuba tsofaffin takardunsa, ga kuɗin mota, ga na abinci.

Za a ce ai akwai masu POS. Akwai, Allah ya saka masu, amma mai POS ba ya ba da rance, ba ya gyara matsalar BVN, kuma shi kansa sai ya zo birni neman tsabar kuɗi. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, na'urorin nan zama suka yi kamar duwatsu.

Maganar tsaro gaskiya ce, ban raina ta ba. Babu mai son kai ma'aikatansa inda 'yan bindiga ke yawo. To amma ai akwai garuruwan da ke kan babbar hanya, da ofishin 'yan sanda da kasuwa mai ci duk mako. A fara da su mana. Ko ƙaramin reshe ne mai ma'aikata biyar da injin ATM guda, kawuna zai ajiye kuɗinsa kafin magariba ya koma gida hannu sake.