Beryl ta zo da sallama, Alau kuwa cikin dare

Safiyar 8 ga Yulin 2024 wayata ce ta tashe ni a nan Houston da wata ƙara mai huda kunne, saƙon gargaɗi ne wai ambaliya na nan tafe, kar kowa ya kuskura ya sa mota cikin ruwa. Ban firgita ba sam, don kusan sati guda muna bin guguwar Beryl a talabijin tun tana can tekun Karibiyan. Kullum sai an nuno taswira da wani zane kamar mazurari, bakinsa na ƙara faɗi yadda kwanaki ke nisa, ma'ana guguwar tana iya bi ta ko'ina a cikinsa, sannan su gaya maka ruwan da ake sa ran zai zuba inci nawa ne, unguwa unguwa. Manyan magudanan garin nan da ake kira bayou har na'ura aka kafa musu, ka buɗe intanet ka ga inda ruwa ya kai a gadar da ke kusa da gidanka. Kafin guguwar ta sauka a Matagorda, can gaɓar tekun jiharmu ta Texas, kantin unguwarmu ba ruwan roba ba burodi, duk an kwashe.

To ba wai masu hasashen ba sa kuskure ba. Da farko can kudu wajen Meziko aka ce za ta nufa, sai ta karkato kanmu, kuma mutum sama da miliyan biyu suka rasa wuta a tsakiyar zafi, mu ma kwanaki muka yi a duhu. Amma dai an faɗa mana, kun gane, an faɗa mana.

Wata biyu bayan nan dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri ya ɓalle. Gwaggona da ke Gwange ba waya ce ta tashe ta ba, sanyin ruwa ta ji a tabarma. Dam ɗin da ya taɓa yin haka a 1994 fa! Kar wani ya ce min ai mu ba ma da guguwar teku, ruwa ruwa ne, kuma ruwan da ke taruwa a dam ya fi guguwa sauƙin lura wallahi, tunda a gabanka yake hawa kullum. Hasashen damina ana fitarwa duk shekara, na sani, amma wa ya kai shi masallacin unguwa, wa ya sa mai shela?

Kwana biyu ina kiran lambarta ba ta shiga. Ina zaune a falo da AC, wayar nan da ta gargaɗe ni tana hannuna ba abin da ta iya min. Da aka same ta a wata makaranta cewa ta yi, "Ɗana, yaran makwabta ne suka goyo ni, kar ka damu." Yaran da ban ma san sunansu ba, don an haife su bayan na taho.