Bill Campbell da batun filin wasan dattawanmu

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Birnin Kebbi bayan sallar La'asar ya san irin zaman da nake nufi: benci a gindin dogonyaro, dattawa huɗu ko biyar da suka yi ritaya daga aikin gwamnati, rediyo a gefe, hira kuwa ba ta wuce fansho da farashin buhun shinkafa da labarin wanda hawan jini ya kwantar jiya. Da yawa daga cikinsu su ne 'yan gudu da 'yan ƙwallon da ake ji da su a makarantun kwana na da, amma tun da suka yi iyali suka yi sallama da fili, domin a wurinmu magidancin da aka gani yana guje-guje sai a ce ya zubar da girma. Wannan tunani ne nake ganin yana cutar da mu, kuma hujjata ita ce rayuwar wani Ba'amurke ɗan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

William Campbell, wanda aka fi sani da Bill, an haife shi a 1923 a garin Huntington na jihar West Virginia, ya rasu a 2013 yana da shekara 90. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi karatu a Jami'ar Princeton, sannan ya riƙi harkar inshora a matsayin hanyar cin abinci. Bai taɓa mayar da golf sana'a ba, wato duk tsawon rayuwarsa yana cikin rukunin masu buga wasa don sha'awa, waɗanda a zamaninsa doka ta hana su karɓar kyautar kuɗi. Ya yi ta shiga babbar gasar wannan rukuni ta Amurka shekara da shekaru yana dawowa hannu rabbana, sai a 1964 ya ɗauki kofin yana da shekara 41, a gaban samarin da wasunsu ya isa ya haifa. Sau takwas ya wakilci ƙasarsa a gasar Kofin Walker da ake yi tsakanin Amurka da Birtaniya da Ailan, kuma ba a taɓa doke shi a karawar mutum da mutum ba. Da ya cika shekarun shiga gasar dattawa, wadda ake fara shigarta daga shekara 55, sai ya cinye ta a 1979, ya sake cinyewa a 1980.

Abin lura a nan shi ne ba ƙarfin jikin Campbell kaɗai ya kai shi wannan matsayi ba. Ya tarar da tsarin da ya tanadar wa tsoho wurin takara. Tun 1955 hukumar golf ta Amurka ta buɗe gasar dattawa, saboda haka mai shekara 60 yana da abokan karawa sa'anninsa, yana da kofin da yake hari, yana da dalilin fita atisaye da sassafe. Akwai kuma tsarin rangwamen bugu, inda ake rage wa mai rauni wani adadi daga bugun da ya yi gwargwadon matakinsa, ta yadda kaka da jikansa za su kara kowa yana sa ran nasara. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin Marlene Streit 'yar Kanada ta ci gasar dattawan mata ta Amurka a 2003 tana da shekara 69.

Na san abin da mai karatu a Jega ko Zuru zai ce, kuma yana da gaskiya: golf wasan masu hannu da shuni ne, sandunansa na da tsada, filinsa mai rami 18 yana cin ƙasa da ruwa mai yawa, kuma jihar da manomanta ke fama da matsalar tsaro da tsadar taki tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Ba na kiran gwamnati ta kashe ko sisi wajen shuka ciyawa domin manya su shaƙata. Abin da ya cancanci aro shi ne rukunin shekaru. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, yana da kokawa da dambe da tseren kwale-kwale, kusan duk na majiya ƙarfi ne. Me zai hana a ƙara gasar tafiyar ƙafa ko tseren keke na 'yan shekara 55 zuwa sama, a ba su lambar yabo a gaban Sarki? Ranar da aka ga tsohon babban sakatare ko hakimi ya ɗaura takalmin roba ya shiga sahu, maganar zubar da girma ta ƙare, tun da a ƙasar Hausa abin da manya suka yi shi ake kira mutunci.

Sashe na biyu na abin da Campbell ya bari ya fi wuyar kwaikwayo. Ya shugabanci hukumar golf ta Amurka a 1982 da 1983, sannan a 1987 ya zama kyaftin na tsohuwar ƙungiyar golf ta St Andrews da ke Sikotilan, mutum na farko da ya riƙe muƙaman biyu. Ma'ana dattijon da wasa ya yi wa rana shi ne ya dawo ya zauna a teburin tsara dokoki da shirya gasa. A nan kuwa ƙungiyoyin wasanninmu na jiha da ƙananan hukumomi sukan yi barci har sai an saki kuɗin wata gasa ta ƙasa, alhali waɗanda suka san aikin ofis da riƙon asusu, suke kuma da lokaci, suna can zaune a kan benci.

Kwanakin baya na yi wa wani tsohon shugaban makarantar firamare wannan magana a majalisarsu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, likita ma ya ce in riƙa tafiya saboda suga, amma ni kaɗai in kama hanya da asuba, ai sai a ce ko lafiya." Na tambaye shi, in da su goma ne fa, kuma ƙarshen wata akwai wanda za a ce ya zo na ɗaya? Ya ɗan yi shiru, sannan ya juya ga abokin zamansa ya ce, "Alhaji, kai dai ko a makaranta ba ka taɓa wuce ni ba."