Ruwan Kano: ba a fafe gora ranar tafiya

Duk shekara haka muke yi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, famfo ya koma fitar da iska, farashin jarka wajen 'yan garuwa ya tashi, sai kuma a ji wai an kafa kwamiti. To jama'a bazara baƙuwa ce da za ta zo mana ba sallama?

Abin da ke ban haushi shi ne ruwan fa akwai shi. Madatsar Tiga tun 1974 take nan, ga ta Challawa Gorge da aka gama a 1992, ga Watari. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Challawa kuwa tun zamanin Turawa take aiki. Amma ruwa ba ya tafiya da ƙafarsa, inji ke tura shi, inji kuma wuta yake sha, kuma lokacin da kowa ya kunna fanka da firji da AC ai shi ne dai lokacin da wutar ta fi yin wuya, wato ranar da gari ya fi jin ƙishi ita ce ranar da injinan suke tsaye cik. Shi ya sa ni a ganina layin wuta na musamman ko sola ga matatun nan ya fi sabon kwangilar da za a yanka ribon a kai.

Sannan lissafin kansa. In za a ƙiyasta bukatar gari a ɗauki rana mafi zafi a Afrilu, ranar da mutum zai watsa ruwa sau uku, masu ƙanƙara da fiya wata na aiki ba dare ba rana, balle in azumi ya faɗo ciki. Ita ce ma'auni. Tankunan Goron Dutse an yi su ne garin bai kai haka ba, yanzu Kano ta miƙe har Ungogo da Kumbotso, unguwa ta cika da gidaje kafin a kai mata bututu ko ɗaya. Ana bukatar ƙarin manyan tankuna a tudu, a cika su da dare su gangaro da rana.

Wani zai ce ai kowa ya haƙa burtsatse. Mai kuɗi kenan. Ƙasan Kano dutse ne, ruwan cikinsa ba yawa, maƙwabci ya zurfafa tasa taka ta ƙafe (Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo dai suna ne ya rage).

Tsofaffin bututun da ke yoyo a bakin titi kuwa, gyaransu aikin hunturu ne, Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da za a iya rufe layi kwana biyu ba wanda zai galabaita. Kasafin kuɗin ma ai a daidai lokacin ake kai shi majalisa.