Giyar Hannu Ko Otomatik: A Ina Daɗin Tuƙi Yake?

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da motoci tun da zama ya kawo ni Stuttgart, a kudancin Jamus, shi ne yadda martabar giya ta juye idan aka kwatanta da abin da na baro a gida. A Kano ko Kaduna, da zarar mutum ya samu buɗi sai ya rabu da mota mai giyar hannu ya nemi otomatik, domin a idon jama'a taka kuloci aikin direban haya ne da wanda bai kai ba tukuna. A nan kuwa, inda giyar hannu ta daɗe tana abin kowa da kowa, tun daga ɗalibi har likita, yanzu ta fara zama kayan marmari, kuma waɗanda suka fi nacewa a kanta su ne masu halin sayen duk motar da ransu ke so. Ni ina cikin masu ganin cewa giyar hannu ta fi daɗin tuƙi, amma ba a kowace hanya ba, ba kuma a kowace mota ba, sannan yawancin hujjojin da masoyanta ke kafawa zamani ya riga ya wuce su.

Hujjar da aka fi ji ita ce wai giyar hannu ta fi gudu kuma ta fi tattalin mai. A da hakan gaskiya ne. Tun daga lokacin da kamfanin General Motors ya sa giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940 har shekaru da dama bayan nan, otomatik giya biyu zuwa huɗu kawai take da su, wani kaso na ƙarfin inji yana salwanta a cikin man da ke juya ta, ga nawa wajen tashi, ga shan fetur. Otomatik ta yau ba wannan ba ce. Kamfanin ZF da ke Friedrichshafen, a bakin tafkin da ya raba Jamus da Switzerland, yana ƙera mai giya takwas wadda BMW da wasu da dama ke amfani da ita, kuma tana canzawa ba tare da mai tuƙi ya ji ko gezau ba. Volkswagen kuma tun 2003 ya fito da DSG, wadda ke da kuloci biyu a cikinta, ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan yana riƙe da ta biyu da ta huɗu da ta shida, ta yadda kafin a saki wannan an riga an shirya waccan. Babu hannun ɗan Adam da zai kamo wannan sauri, komai ƙwarewarsa, kuma a wajen shan mai ma tazarar ta rufe, a wasu motocin har otomatik ta shiga gaba.

To, idan sauri da tattali sun koma wancan ɓangare, me ya rage? Amsar tana cikin abin da ya faru da Porsche, wanda masana'antarsa ke unguwar Zuffenhausen a nan garin. A 2013 kamfanin ya fitar da 911 GT3, motar da ya ƙera musamman don masu son tuƙi, ba tare da giyar hannu ba, bisa hujjar cewa otomatik ɗinsa mai kuloci biyu ta fi sauri a filin tsere, kuma hujjar ba ƙarya ba ce. Sai masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 ya ƙera 911 R mai giyar hannu guda 991 kacal, aka yi wawasonsu, farashinsu a hannu na biyu ya ninka na sabuwa, kuma a 2017 giyar hannu ta dawo cikin GT3. Mutanen nan sun san sarai cewa sun zaɓi wadda ta fi jinkiri, sun kuma biya kuɗinsu da saninsu. Abin da suka saya shi ne a bar musu wani aiki su yi da kansu.

Wannan aiki ba ya bayyana a takardar bayanin mota, sai a kan hanya. Akwai titin da ya bi ta kan duwatsun Baƙin Daji, wato yankin Schwarzwald, daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt, kimanin kilomita 60, kwana bayan kwana a tsakanin dogayen itatuwa, kuma a nan ne nake gane dalilin da ya sa har yanzu ban rabu da kuloci ba. Mutum yana tafe a giya ta huɗu sai ya hango kwana mai tsanani a gangara. Ya ɗaga ƙafa daga totur ya ɗora a birki, ƙafar hagu ta danna kuloci, hannun dama ya tura sandar zuwa ta uku, ya ɗan taɓa totur kaɗan domin juyin inji ya yi daidai da juyin taya kafin ya saki kulocin. Idan ya dace, motar ba za ta ko girgiza ba, sai dai amon injin ya ɗaga, ta shiga kwanar a natse, ta fito da ƙarfinta a shirye. Idan bai dace ba, za ta yi tsalle ta gaya masa nan take, wanda ke zaune a gefensa ma ya gyaɗa kai ba da son ransa ba. Kwana ta gaba kuma wata dama ce ta gyarawa. Duk tsawon hanyar idanu suna karanta abin da ke tafe, kunne yana kan inji, gaɓoɓi huɗu kowace da nata aiki, babu sauran gurbi a zuciya na tunanin kuɗin hayar gida ko wasiƙar ofishin haraji. Otomatik za ta bi wannan kwana daidai a kowane lokaci, sai dai daidan nata ne, ba na mai tuƙi ba.

Amma ga sharaɗin da masoya giyar hannu ba su cika faɗa ba: daɗin yana ga ƙaramar mota mai matsakaicin ƙarfi. A titunan wajen gari a Jamus doka ba ta yarda a wuce kilomita 100 a awa ba, kuma mota mai ƙarfin doki 500 tana haye wannan iyaka tun tana giya ta biyu, wato mai ita ya sayi giya shida amma biyu kawai doka ta bar masa. Golf GTI ta farko ta kamfanin Volkswagen, wadda ta fito a 1976, ƙarfin doki 110 gare ta da giya huɗu, nauyinta bai kai kilo 900 ba, kuma har yau ana ambatonta da girmamawa. Mazda MX-5, da ake ƙerawa tun 1989, ita ma kan wannan tafarki take: nauyi kusan tan ɗaya, inji ƙarami, sandar giya gajera mai shiga da ɗan ƙas a tafin hannu. A irin waɗannan dole mutum ya yi ta hawa da sauka a tsakanin giyoyi kafin ya samu abin da yake so, kuma yana yin hakan ne a gudun da ba zai jawo masa tara ko asibiti ba.

Ranar aiki kuwa labarin daban ne. Stuttgart gari ne da ke cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, kuma cunkosonsa sananne ne a duk ƙasar. Wanda ya taɓa hawan Neue Weinsteige da yamma, mota na bin mota taku-taku a kan tudu, ya san cewa babu wani daɗi a nan: a ja birkin hannu, a nemo inda kuloci ke kamawa, a matsa tsawon mota ɗaya, a sake tsayawa, har gwiwar hagu ta fara tsami. A babbar hanyar Autobahn ma, inda wasu sassa ba su da iyakar gudu sai shawarar kilomita 130 a awa, giyar hannu ba ta da abin da za ta ƙara, domin da an sa ta shida an gama. Wanda tuƙinsa bai wuce waɗannan biyu ba, ya sayi otomatik ya huta, babu abin da ya rasa.

Wannan ne ya sa nake ganin ƙaunar da direbobinmu na gida ke yi wa giyar hannu wata aba ce daban da wadda ake yi a nan. Tamu ta amana ce. Waɗanda suka tashi a zamanin Fijo 504, wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, sun koyi tuƙi ne a gefen ogan da ba ya maimaita magana: "Kai yaro, saurari inji! Saki kuloci a hankali, ka ba ta wuta." Sun san cewa idan batir ya mutu a tsakiyar daji, mutum uku za su tura, a sa giya ta biyu, a saki kuloci ta tashi, abin da otomatik ta yau ba ta yarda da shi ba. Sun san cewa faifan kuloci idan ya cinye, bakaniken kowane gari zai sauke ya sa wani kafin la'asar. Direban da ke sauka Hawan Kibo da lodi, a hanyar Jos zuwa Akwanga, yana riƙe motarsa da ƙaramar giya ne domin kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, kuma rayukan fasinjojinsa na rataye a kan wannan sani. Duk wannan ƙwarewa ce ta gaske, wadda da yawa daga masu tuƙin nishaɗi na Turai ba su kai rabinta ba, amma neman tsira ce da neman abinci. Hankalin da ake buƙata domin jin daɗin canza giya, a gida hanya ta riga ta cinye shi: ga rami, ga mai adaidaita sahu da zai yanko ba sigina, ga tirela ta taho a hannunka, ga shingen bincike. Don haka ban ga laifin wanda ya samu hali ya koma otomatik ba, kuma maganar da wasu ke yi cewa otomatik motar mata ce ko ta ragwaye ba ta da tushe, domin a nan tsofaffin mata masu furfura ne suka fi kowa iya tashi a kan tudu ba tare da mota ta koma baya ko taƙi ɗaya ba.

Wani zai ce ai an samu tsaka-tsaki, tunda yawancin otomatik na yanzu suna da 'yan fukafukai biyu a bayan sitiyari da direba zai riƙa ja ya canza giya da kansa. Suna da amfani, musamman a gangara ko wajen wuce babbar mota, amma ja ɗaya ne kawai, kwamfuta ce ke yin sauran, kuma idan ka nemi abin da ba ta yarda da shi ba sai ta ƙi. Ba a iya yin kuskure da su, saboda haka ba a iya ƙwarewa a kansu. Abin ya yi kama da furar da aka markaɗa da inji da wadda aka dama da ludayi: ta inji ta fi laushi da sauri, amma mai neman gudaji bai yi ɓatan kai ba. Wadda ba ni da abin yabo a kanta ta fuskar nishaɗi ita ce CVT, mai aiki da ɗamarar ƙarfe maimakon giyoyi masu haƙora, domin idan aka taka totur injin yana tsayawa a amo ɗaya yana kuka, gudun kuma yana biyowa daga baya.

Ko ma dai wane ra'ayi mutum ya riƙe, kasuwa da doka sun riga sun nuna inda aka dosa. A da, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik a Jamus ana buga masa lamba 78 a lasisi, wadda ta haramta masa giyar hannu. Daga Afrilun 2021 an kawo tsarin B197: ɗalibi ya yi darasi goma na minti 45 da giyar hannu, ya yi gwajin minti 15 tare da malaminsa, sannan ya yi jarrabawa da otomatik ya samu lasisin duka biyun. Darasi goma sun isa a koyi tashi da tsayawa, amma ba su isa a kamu da so ba. Mercedes, wanda shi ma nan ne gidansa, ya fara janye giyar hannu daga motocinsa tun 2023, Golf GTI kanta ta rabu da ita a 2024, motocin lantarki kuma galibinsu giya ɗaya gare su, babu abin canzawa. Abin lura shi ne Hyundai ya sa wa motarsa ta lantarki Ioniq 5 N giyoyi takwas na kwaikwayo, da amon inji na kwaikwayo, har da ɗan fizgar da ake ji idan giya ta shiga, alhali yanke ƙarfi da gangan ba ya ƙara wa mota gudu. Injiniyoyin da suka kawar da aikin su ne kuma suka zauna suna ƙirƙiro shi.

Idan 'yan'uwa suka kira daga gida suna neman shawarar motar da za a turo musu, ba na ɗora musu sha'awata. Wanda zai yi zirga-zirga a cikin Kano ko Abuja nakan ce ya nemi otomatik irin ta gargajiya mai aiki da mai, kamar ta tsofaffin Corolla da Camry, ya guji mai kuloci biyu, domin tafiyar taku-taku a cikin zafi tana wahalar da ita, kuma gyaranta yana buƙatar na'ura da kayan da ba kowane gareji ke da su ba. Nakan kuma jaddada masa cewa ya riƙa canza man giya a kan lokaci, da ainihin irin wanda kamfani ya rubuta, ba wanda mai shago ya ce duk ɗaya ne ba. Wanda zai yi haya ko zai riƙa shiga ƙauye da damina, giyar hannu ce tasa. Ni kuwa, muddin gwiwar hagu tana amsawa kuma ana samun ƙaramar mota mai feda uku a kasuwar hannu na biyu, cunkoson ranakun aiki na bar wa jirgin ƙasa, motar kuma ta jira Asabar.