Hajiya ba ta ji tawa ba, ta ji ta maƙwabciya

A watan Afrilun 2020 ina Birmingham cikin kullen korona, kullum bayan la'asar sai na kira Hajiyarmu a Kano. Roƙona ɗaya ne: "Hajiya, don girman Allah ki haƙura da zuwa ta'aziyya har abin nan ya lafa." Sai ta ce, "To, Allah shi ne mai tsarewa," ina jinta tana tambayar yara ina mayafinta. A lokacin ne dattawa ke ta rasuwa a birni, masu haƙar kabari suna kukan aiki ya yi musu yawa, ga kuma bidiyon samari yana yawo suna rera "Malam ya ce babu korona."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗora laifin duka a kan rashin ilimi. Zaman nan ne ya gyara mini tunani.

An fara allurar rigakafi a Ingila ranar 8 ga Disambar 2020, a Coventry, nan kusa da mu. Kafin sati ya zagayo, zauren WhatsApp na masallacinmu ya cika da saƙonnin murya: wai akwai sinadarin alade a ciki, wai tana hana haihuwa. Masu turowar har da masu digiri biyu, 'yan Pakistan da Somaliya da mu 'yan Najeriya. Takardar gayyata ta zo daga asibiti, aka ajiye ta a kan firji. Sai a Janairun 2021 wani masallaci a unguwar Balsall Heath ya zama wurin yin allurar, limamai suka sa maganar a huɗuba, likitoci Musulmi suka tsaya bayan Juma'a ana tambayarsu ido da ido. Wani dattijo da muke sahu ɗaya, wanda ya sha rantsuwa ba za a taɓa shi ba, da kansa ya naɗe hannun rigarsa, don ya ji liman ya riga shi. Bayanin bai canja ba ko kaɗan. Bakin da ya kawo shi ne ya canja.

Mutanen Kano kuwa shakkarsu tana da tushe, kuma ina jin ciwo idan aka yi kamar ba ta da shi. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a dawo ba sai 2004, da maganin da aka samo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Daga nan sarakuna da hakimai da masu unguwanni suka shiga, mata suka riƙa bi gida gida, har aka tabbatar da kawar da cutar a Agustan 2020. Wato hanyar tana hannunmu, mun san ta. Amma da korona ta zo, sai aka fi ƙarfi a taron manema labarai da Turanci daga Abuja da alƙaluma a Twitter. An kulle mai neman na yau da na gobe a gida, sannan a Oktoba ya ga an fasa rumbuna cike da kayan tallafin da bai gani ba. Da wane ido zai kalli mai ce masa ya sa takunkumi?

Hajiya ta yi allurarta a 2021. Ba dogayen bayanaina ne suka kai ta ba. Maƙwabciyarmu ce, ma'aikaciyar lafiya da ta shekara goma tana ɗiga wa jikokinta maganin shan inna, ta shigo da hantsi ta ce, "Hajiya, ni ma na yi, ga katina. Ɗauko mayafinki in raka ki." Da yamma ita ce ta kira ni, tana tambaya ko ni na yi tawa.