Takardar tambayoyi ba ta ganin bayan aji

A makarantu da yawa a Amurka da Kanada ana koya wa matasa yadda za su guje wa cin zarafi a soyayya: duka, barazana, tilas, bin diddigin wayar budurwa. Ban da ja a kan wannan. Inda nake da magana shi ne yadda wasu malamai ke auna ko darasin ya yi aiki.

A gama darasi, a raba takarda. "Ya dace saurayi ya mari budurwarsa idan ta ɓata masa rai?" Kowa ya zaɓi "a'a". Malam ya tattara, ya rubuta rahoto cewa an samu gagarumar nasara. Haba malam! Yaro ɗan shekara sha huɗu ai ya san amsar da kake so. Abin da ka auna shi ne wayonsa, halinsa kuwa yana can bayan aji.

Masu binciken da suka yi da gaske sun yi haƙuri. Shirin Safe Dates, wanda Vangie Foshee ta jagoranta a jihar North Carolina ta Amurka, an gwada shi a makarantu 14, aka bi sawun yaran har shekara huɗu. Shirin Fourth R na lardin Ontario a Kanada ya jira shekara biyu da rabi: kashi 7.4 cikin ɗari na waɗanda suka yi darasin sun amsa cewa sun ci zarafin masoyi, waɗanda ba su yi darasin ba kuma kashi 9.8. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma na fi yarda da shi a kan waccan takardar tambayoyi nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Shifting Boundaries, a makarantu 30 na birnin New York. Darasin aji shi kaɗai bai rage cin zarafin ba. Abin da ya yi tasiri shi ne matakan da aka ɗauka a harabar makaranta, har da ba yara taswirar makarantar, su shafa launi a wuraren da suke jin tsoro, sai a ƙara tura malamai su tsaya can.

Sannan ga wani tarko: shiri na iya fara aiki, ƙorafi ya ƙaru, domin yarinyar da ke haɗiye abin da ake mata yanzu ta samu bakin magana. Shugaban makarantar da ke ƙirga ƙorafi kawai sai ya ɗauka abin ya lalace, ya soke shirin.