Kyamarar Habu Konekte Tana Hanya

Habu Konekte ya tsaida babur a ƙofar shagon Alhaji da ke gefen Kasuwar Dole a Damagaram, baƙin gilashi a ido duk da hazon da ya rufe rana, abin jin waƙa ɗaya a kunne ɗaya yana lilo a ƙirji.

HABU: Salamu alaikum Alhaji, bonjur. Kyamara nike nema, okaziyo amma mai rai. Na amshi aikin biki, Hajiya har ta ba ni abans.

ALHAJI: Ka zo gida ɗana. Ɗan'auta! Sauko da ta Annasarar nan.

Duk kyamarar da ke shagon Alhaji ta Annasara ce, har wadda ni na saida mashi da hannuna bara bayan ta faɗa cikin randa.

ALHAJI: Ka gan ta. Wata ƴar projé ce ta riƙe ta, sau uku kacal ta ɗauki hoto da ita, biyu raƙumi ɗaya ƙofar gidan Sarki, sai aka kira ta gida. Tana kuka ta ba ni ita.

Mushe Ila, wanda tun da ya yi ritaya daga lakwal ya maida bencin Alhaji ofishinsa, ya miƙa hannu ya amsa ya juya ta ya duba gindinta.

MUSHE: Canon 600D. A 2011 ta fito, shekarar da aka buɗe matatar mai ta SORAZ. Yaron da aka haifa lokacin yanzu ya fi Ɗan'auta tsawo.

ALHAJI: To ai ka ga ta yi hankali ke nan.

MUSHE: Alhaji robar wurin riƙewa ta suɗe kamar takalmin ga-ruwa, rubutun maɓallan ya goge, ga salatif a murfin batir. Hoto uku ne ya yi wannan?

ALHAJI: Hannun Annasara gishiri gare shi.

MUSHE: Habu ka saurara, kyamara kamar babur take, tana da nata kilomita. Akwai ɗan labule a ciki da ke buɗewa ya rufe duk sanda ka danna, irin wannan ana ƙiyasta mata ƙyaftawa wajen 100,000, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Nikon tana rubuta lissafin cikin bayanan hoton, Canon kuwa sai an jona ta a ordinater. Mu jona mu gani.

ALHAJI: Babu kuran.

MAI SHAYI (daga rumfarsa): Alhaji an kawo tun ɗazu, ga fankarka can tana juyawa.

ALHAJI: Iska ce.

Gaskiya dai a garin nan mutum ya ce babu kuran ba a cika ƙaryata shi ba, sau tara cikin goma shi ke da gaskiya, shi ya sa ma kowa ya yi shiru. Mushe ya matse ƙofar haske zuwa 22, ya auna farin bangon masallacin da ke tsallake ya danna, ya buɗo hoton. Ga wani baƙin tabo zaune sama kaɗan da tsakiya.

MUSHE: Ƙura ce a kan kaptar, ɗan allon ciki da ke kama hoton. Duk hoton da ka ɗauka da rana tsaka tana nan wurin ba ta gusawa.

ALHAJI: Ɗauki Habu.

Aka ɗauki Habu. Tabo ya sauka daidai goshinsa.

ALHAJI: Allahu akbar! Ka gani? Tabon sallah! Yaron da ko Juma'a sai an tada shi, ga shi ya fito kamar limamin Birni. Mutane shekara 40 suke goga goshi a tabarma su samu wannan, kai kyamara ta ba ka kyauta. Ka ɗauki ango da ita surukai su ƙara mashi daraja.

MAI SHAYI: To bangon fa Alhaji?

ALHAJI: Bangon masallaci ne, mi kake so ya fito da shi?

Aka zo kuɗi. Alhaji ya ce jika 150, Habu ya ce 80, Alhaji ya ce albarka har sau uku yana kallon sama, ya tuno abotarsa da uban Habu, ya tuno ranar sunan Habu da shi ya riƙe ƙafar rago, ya sauko 130. Da aka tambayi garanti ya ce garantinsa shi ne shagon nan ba ya tafiya ko'ina, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa.

Nan Habu ya yi irin dariyar nan ta wanda ya san abin da ba ku sani ba, ya zaro salula.

HABU: Ku kuna nan kuna zaman 1926, duniya ta wuce. Ga wani shafi a Facebook, irin wannan kyamarar sak, daga Faransa direkt, jika 95. Tun jiya muke magana da Patron a WhatsApp.

MUSHE: Ka taɓa ganin shi?

HABU: Hotonsa na gani, yana jingine da mota.

MUSHE: Cinikin biri a sama ke nan. Ka ce ya yi maka bidiyo yana kunna ta, ya nuna lambar da ke gindinta, ya haska tocila cikin objektif, gilashin gaban nan, ka ga ko da fumfuna, don kayan da suka kwana a bakin teku damshi yana sa masu wani abu kamar yanar gizo a cikin gilashi. Kuma kar ka tura ko dala sai ta zo hannunka.

HABU: Mushe, e-komers amana ce. Ba za ka gane ba.

A cikin shago salular Ɗan'auta ta yi ƙara, ya ce bari ya zaga bayi.

Kwana uku Habu ya bugo kati, an rubuta fotograf profesionel, ya sayi madaurin kyamara ya rataya a wuya babu kyamarar, haka yake yawo da shi daga Zango har Sabon Gari, in ya ga mutum sai ya haɗa yatsu huɗu ya leƙa shi ta tsakiya ya ce haske bai yi ba.

MAI SHAYI: Konekte ina kyamara?

HABU: Tana hanya. Na tura jika 15 na jirgi.

Sati ya zagayo.

MAI SHAYI: Jirgin bai sauka ba?

HABU: An canza, ta ruwa za ta zo, ya fi sekirite. Kuma ka san tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa, sai na ƙara jika 20 na kwantena.

MUSHE: Kwantena guda don kyamarar da ba ta kai kilo ɗaya ba?

HABU: Don kar ta matsu.

Wani satin ta iso Yamai, duwan suka riƙe, jika 25. Patron ya ce shi ma abin ya ɓata mashi rai ƙwarai, har ya turo hoton fuska mai hawaye guda uku, Habu ya bi kowa yana nuna mashi yana cewa kun ga mutumin kirki. Sai asirans jika 10 saboda hanya. Daga Yamai zuwa nan kilomita wajen 900 ne, kar ɗin da ya tashi da asuba yakan kwana a Damagaram, amma kyamarar Habu ta yi kwana biyu a Doso, ta yi uku a Dogon Dutsi, a Konni an ce direba ya tsaya gaisuwar rasuwa.

MAI SHAYI: Yau tana ina?

HABU: Madawa.

MAI SHAYI: Ta tsaya sayen albasa?

HABU: Ka yi ta dariya. Ranar da ta zo kai ko hoton paspo ba zan yi maka ba.

MAI SHAYI: Ni ruwan pampon unguwarmu ma tun ina saurayi ake ce mani yana hanya, har na aurar da ɗiya, kuma faktir ba ta taɓa makara ba. Na saba.

A ƴan kwanakin nan ne Ɗan'auta, wanda shayinsa kullum baƙi ne na bashi, ya fara cewa a sa madara a fasa ƙwai biyu, ya yi sabon takalmi fari, ya yi aski mai zane a gefe. Mai shayi ya dube shi ya dubi Habu bai ce komi ba, don mai biya lakadan ba a yi mashi tambaya.

Saura kwana huɗu biki Hajiya ta sauko daga adaidaita da kanta.

HAJIYA: Kai Habu, ina abin hoton? Igiya nike gani a wuyanka kamar akuyar da ta tsinke.

HABU: Hajiya tana Tasawa, ina bin ta a salula.

HAJIYA: To ka bi ta da ƙafa. In ranar kamu ta zo babu hoto, kai za mu sa wa lalle.

Shi dai Alhaji duk wannan lokacin bai motsa daga kujerarsa ba, ko sallah a ƙofar shago yake yi ido ɗaya a kan kanta. Sai ranar Asabar aka matsa mashi ya tafi ɗaurin aure Mirya. Bai kai minti 30 da tafiya ba wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da kwalin makaroni an naɗe da salatif, ya ce saƙon Mushe Habu daga Faransa.

Habu ya hana kowa taɓawa. Ya sa aka share benci, ya wanke hannu, ya ce mai shayi ya matsa da hayaƙinsa.

HABU: Ku shaƙi ƙamshin. Wannan iskar Paris ce.

MAI SHAYI: Ni turaren wutar Alhaji nike ji.

Kyamara ta fito, babu batir babu abin caji babu kart memwar, ga objektif daban cikin safa. Habu ya kafa shi a bakinta ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya danna da gwiwa, gumi ya keto.

MUSHE: Tsaya kar ka karya madubin. Karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

HABU: Nikon.

MUSHE: Ita kuma Canon. Bakinsu ba ɗaya ba ne, ta Canon EF ake ce mashi, na Nikon F, sai da wani zobe na haɗi kuma ko da shi da hannu za ka riƙa neman fokis.

HABU: Sabuwa ce shi ya sa take da tauri. A Turai haka ake haɗa su, ana ce mashi miksaj.

Ana cikin haka Alhaji ya dawo da goro a baki. Habu ya gyara tsayuwa.

HABU: Alhaji ga ta ta iso, ka ga abin da ake kira kaya. Batir kawai nike so, LP-E8, da aron objektif ɗinka mu gwada.

Alhaji ya amsa ya juya ta. Robar riƙewa a suɗe. Salatif a murfin batir. Ya ɗaga kai ya dubi kanta, inda ta Annasara take zama babu komi sai zanen ƙura mai siffar kyamara, gefensa kuma wani zagaye inda objektif ɗin Nikon yake. Bai ce uffan ba, ya jawo aljihun tebur ya sa batir, ya ɗaura gilashi ya auna mai shayi ya danna.

MAI SHAYI: La ilaha illallahu, na yi tabon sallah!

HABU: Duk Canon ɗin Faransa haka suke.

MUSHE: Habu, salatif ɗin fa?

HABU: Na duwan ne, alamar an biya.

MUSHE: Kira Patron.

HABU: Yana miting yanzu, akwai bambancin lokaci.

MUSHE: Awa ɗaya ce tsakaninmu da su in ta yi yawa. Kira shi.

Ya kira. Daga bayan buhun gawayin mai shayi wata salula da aka sa a caji ta fara waƙa. Aka waiga neman Ɗan'auta, sai farin takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwata.

HABU: Rezo ne ya haɗe layi. Yana faruwa.

Alhaji ya zauna a hankali ya jawo kalkuleta.

ALHAJI: Nawa ka ce ka biya da farko?

HABU: 95.

ALHAJI: Jirgi?

HABU: 15. Kwantena 20, duwan 25, asirans 10.

ALHAJI: Jika 165. Wata takwas ina rantsuwa a kan kyamarar nan, na kashe Annasara na tada ta, na sa ta kuka, na sauko har 130 ba wanda ya ko waiwayo. Yaron da na ɗauko bai iya ƙirga canji ba ya saida ta 165 daga cikin bayi!

MUSHE: A kai magana komisariya Alhaji.

ALHAJI: A kai wa? Mai shayi, in ya dawo ka ce mashi ya shigo ba abin da zan yi mashi, ya zo ya buɗe mani wannan Facebook ɗin. Akwai rediyo guda shida a ƙarƙashin tebur, duka na Annasara.

HABU: To ni Alhaji batir ɗin da objektif? Biki jibi-jibi ne.

Alhaji ya zare batir ya maida aljihun tebur ya murɗa makulli, ya kwance gilashinsa ya sa a aljihun riga.

ALHAJI: Wannan na gwaji ne, ba na saidawa ba. Naka jika 20, objektif 45, ka ajiye kuɗin yanzu.

HABU: Yaushe zan samu?

ALHAJI: Suna Takeita.